Wandon Talatin da Shida

Shafi na 11

Masu caccakar Anti Tela a ƙasan shafin jiya, duk na gani, na kuma karanta. Ku ɗan sassauta mata don Allah. Kunyar da za ta sha yau kaɗai ta ishe ta.

Tun da suka zauna a bencin asibiti, Anti Tela take kallon ƙofar ɗakin likita. Jakarta na kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu kamar wadda aka ce za a ƙwace mata. Mijinta kuwa, Baba Direba, wanda abokansa har yau suke kira Siriri, sai zuba yake yi wa wani dattijo da ke gefensa, wai shi ba ciwo ne ya kawo shi ba, takarda kawai ya zo karɓa. Ɗan jiri ne ya ɗebe shi ranar Litinin yana tuƙa motar 'yan makaranta, ya gangara gefen titi ya tsaya, shi ke nan shugabar makarantar ta ɗauki abin da zafi, ta karɓe makulli, ta ce sai ya kawo shaidar likita.

Yara talatin da biyu ne a motar ranar. Wannan bai faɗa wa dattijon ba.

Jiya da safe aka ɗebi jininsa kafin ya karya, yau za a ba shi sakamako. Amma ita ba jinin ne ya hana ta sakat ba. Ɗazu da aka buɗe ƙofar ɗakin likita ta hango ma'aikaciyar jinya ta zagaye cikin wani mutum da tef, irin dai nata na awo.

Shekara tara ke nan ita take ɗinka masa kowane wando, kuma shekara tara tana rubuta 36 da biro a cikin ƙugun kowanne, alhali rabon ƙugunsa da talatin da shida tun autarsu tana goye. Mutum biyu kacal suka san wannan, ita da Inna, mahaifiyarsa. Shi kuwa bawan Allah, ko a ina ya zauna sai ya faɗi abu biyu: ƙugunsa bai taɓa ƙaruwa ba, matarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Aka kira lambarsu.

Likitar mace ce, mai tabarau, da ƙyar in ta kai sa'ar ƙanwar Anti Tela. Ta auna jininsa, ta jira ya huta, ta sake aunawa. Sannan ta jawo farar takarda ta ja layi biyar.

"Malam, ba ciwo ɗaya nake gani a nan ba. Abubuwa ne da suke tafiya tare."

Ta bi layukan da bakin biro tana faɗa: hawan jini, sukarin da ke cikin jini kafin a karya, kitsen da ke yawo a jini, da wani kitsen mai amfani wanda ake so ya yi yawa amma yakan ragu, sai na biyar, faɗin ƙugu. Ta ce duk wanda ya haɗa uku cikin biyar ɗin nan ya shiga abin da suke kira metabolik sindirom.

"Wannan ai kamar sunan kayan gyaran mota ne," in ji Baba Direba, yana waiwayar matarsa ko za ta taya shi dariya.

Ba ta taya shi ba.

Likita ta yi murmushi, ta ce to tunda motar ya sani, in yana tafiya fitilar mai da ta zafi da ta birki suka kama lokaci ɗaya, zai ce ƙananan abubuwa ne ya ci gaba, ko me zai yi?

"Tsayawa zan yi."

"To uku sun riga sun kama."

Ta sa alama a kansu ɗaya bayan ɗaya. Jininsa ɗari da sittin da huɗu a kan ɗari. Sukarinsa ɗari da sha shida, bai kai a kira shi ciwon sukari ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Kitsen jini ya hau sosai. Mai amfanin ne kawai yake nan daidai, shi ma da ƙyar. Ta ce kowanne shi kaɗai mutum yakan yi shekaru da shi bai ji komai ba, amma in suka haɗu su ne ke kai mutum ga ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki.

Da jin na ƙarshen nan dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya gyara zama, ya ce shi ne ya yi ajalin mahaifinsa, yana da shekara hamsin da uku, a wurin aiki ya yanke jiki ya faɗi. Amma shi nasa daga Allah ne kawai, don babansa ba shi da ƙiba ko kaɗan. Wandon da ya fara aiki da shi yana saurayi, har shekarar da ya rasu yakan fito da shi ya saka, ya zagaya tsakar gida, 'ya'ya suna tafi.

"Mu gidanmu ba ma ajiye ƙugu, Likita. Talatin da shida yake sawa, talatin da shida nake sawa."

Anti Tela ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta.

Ita ta san labarin wandon nan fiye da shi. Shekara tara da suka wuce wandon aikinsa ya matse shi, ya dawo gida rai a ɓace, ya yi kwana biyu yana ture abinci, yana cewa shi ba zai zama irin direbobin nan da cikinsu ke gogar sitiyari ba. Inna ta kira ta ɗaki, ta turo ƙofa, ta ce mata namijin da ke fita nema ba a barinsa da damuwa a kan inci ɗaya. Ki saki wandon, ki yi shiru. Haka ta yi wa babansa shekara da shekaru bai taɓa sani ba. Ta kuma sa ta yin alkawarin maganar ba za ta fita daga ɗakin ba.

Inci ɗaya ne a lokacin.

Likita dai ba ta yi musu da shi ba. Ta ce ya miƙe ya ɗaga riga, ta kira ma'aikaciyar jinya. Aka zagaye shi da tef daidai saitin cibiya, aka ce ya saki numfashi, kada ya matse ciki.

"Arba'in da biyar," in ji ma'aikaciyar.

Likita ta ce wa namiji ba a so ya wuce arba'in, wasu likitocin ma ƙasa da haka suke yankewa, don kitsen da ke taruwa a ciki ya fi na ko'ina illa.

Baba Direba ya yi dariya har da dafa tebur. Ya ce su yi haƙuri, amma tef ɗin nan nasu ya sha wahala, ko kuma ta gefen santimita ta karanta. Shi dai gidan tela yake kwana. Ya juyo gaba ɗayansa.

"Maman Auta, fito da naki. Ai yana jaka."

Yana jaka kuwa. Ko gidan gaisuwa za ta je, tef ɗin nan ba ya barin jakarta, kuma ya sani.

Ta yi ƙoƙarin zillewa. Ta ce ai wurin da likita ke aunawa daban, na tela daban, wando a ƙasan ciki yake zama. Likita ta ce gaskiya ne, maza da yawa nan suke ruɗar kansu, ciki yana ƙaruwa wando yana gangarawa ƙasa. Amma ba laifi, ta auna masa nan inda wandon yake, hankalinsa ya kwanta.

Ta miƙe. Ta zaro tef ɗin daga jaka.

Duk tela yana da wata dabara da ba a koyarwa da baki. In ka zagaye mutum da tef, babban yatsanka yakan sauka a kan lambar, ka faɗa masa abin da yake son ji, ka rubuta gaskiyar a littafi. Ta yi wa amare, ta yi wa masu jego, ta yi wa manyan mata da ke cewa su har yanzu awonsu na bara ne. Yau ma tana haɗa bakin tef ɗin yatsan ya sauka da kansa.

Yana kallon ta daga sama, fuskarsa fal murmushi.

"Faɗa musu. Ita ba ta ƙarya, Likita. Shekara ashirin da biyu muna tare."

Da ta ce talatin da shida, wa zai kama ta? Likita tana can bayan tebur, ma'aikaciyar ta juya tana wanke hannu. Sai dai layuka biyar ɗin suna nan a kan takarda, uku da alama. Ta tuna yadda ya dawo ranar Litinin, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarsa, yana cewa titi ne ya ga ya rabu biyu. Ta tuna autarsu ma a motar take.

Ta ɗauke yatsan.

"Arba'in da biyu ne."

"Me?"

"Arba'in da biyu."

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan jima a fuskarsa kamar yana jiran ta ce wasa take yi. Ya kama ƙugun wandon ya juyo cikinsa waje.

"To wannan da ke jikina fa?"

"Shi ma arba'in da biyu ne."

"Ga talatin da shida nan a rubuce. Rubutunki ne."

"Ni na rubuta."

Ma'aikaciyar ta manta ba ta kashe famfo ba. Likita ta sa ido a takardunta tana jera abin da yake a jere. Anti Tela ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba tunda take. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige ba ta waiwayo ba. Shi kuma ya saki rigar a hankali, ya zauna, bai sake kallon inda take ba.

Likitar nan Allah ya yi mata albarka, ba ta tsoma baki a abin da ba nata ba. Ta sa alama a layi na biyar, ta ce huɗu ke nan, amma kada ya ɗauka an yanke masa hukunci, abu ne da ake juya shi in an tashi tsaye. Ta rubuta masa maganin hawan jini, ta ce kullum ne, ba sai ya ji ciwon kai ba. Ta tambayi abin da yake ci a wurin aiki, ya lissafa da murya ƙasa-ƙasa: shayi da sukari cokali huɗu da burodi, soye-soye a bakin makaranta in yana jiran a tashi yara, lemon kwalba biyu masu sanyi da ake saka masa a jaka daga gida.

Wa ke saka masa? Anti Tela ta ƙara sunkuyar da kai.

Likita ta ce lemon nan ya fara tafiya yau, ruwa ya maye gurbinsa. A rage gishiri da mai, a rage tulin shinkafa da burodi, a cika rabin faranti da ganye da kayan lambu, wake da kifi su yawaita. Ya riƙa tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta rabin awa, aƙalla kwana biyar a mako, lokacin da yake zaman jiran yara a mota ma ya isa. Ba ta ce ya koma Siriri ba, ko kilo biyar ko shida ya sauke cikin 'yan watanni lambobin nan za su fara sauka. Kuma aikin na gida ne gaba ɗaya, don tukunya ɗaya ake ci.

"Takardar fa?" ya tambaya.

"Ba yau ba, Malam. Ba zan sa hannu ka ɗauki yara da jini a haka ba, kuma akwai gwajin da nake so a ƙara saboda jirin. Ka dawo bayan mako biyu mu gani."

Har sun kai ƙofa ta ƙara da cewa abin yakan bi jini. In da mahaifinsa ma yana da irin wannan cikin, da sai ta ce ƙannensa su zo a duba su tun da wuri.

"Ba shi da shi," in ji Baba Direba. Amma wannan karon a hankali ya faɗa.

A bakin asibiti mai tasi ya tsaya musu, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Ai an ce ya yi tafiyar ƙafa, to ga ta. Ya miƙi titi da ledar magani a hannu, ita tana biye da shi a baya kamar wadda ta yi laifi a makaranta. Ba su yi nisa ba ya fara haki, gumi ya jiƙa bayan rigarsa, amma ko kusa bai rage sauri ba. Ita ma hakin take yi, abin da ya ƙara ba ta kunya ke nan, don ta san in da ita aka zagaye da tef ɗin nan ba za ta fita ba. Masu shaguna suna gaishe su, wani ma ya ɗaga murya ya ce yau Siriri motsa jiki ake yi da uwargida? Ya ɗaga masa hannu kawai.

Shagonta a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya a titi, ɗaya a tsakar gida. Ana kiran azahar suka iso. Bai shiga ciki ba, ya tsaya a gaban teburin yanka, ya ce ta rufe ƙofar titi.

"Ba ni littafin."

Ta san wanda yake nufi. Ta jawo shi daga ƙarƙashin keken ɗinki, littafin awo mai baƙin bango, duk gefensa ya sha alli. Shafinsa yana can ƙarshe, ba suna, sai ɗan zanen sitiyari da ta yi a sama. Ba ta taɓa sa masa tef ba a shekarun nan. Ido kawai, da hannu in tana gyara masa riga, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

Ya karanta a fili, da kwanan wata da komai. Talatin da bakwai. Talatin da takwas. Shekara biyu a nan, sai talatin da tara. Arba'in, shekarar da aka ba shi babbar mota. Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu, watan jiya.

Ya ajiye littafin ya dafa bel ɗinsa.

"Wannan fa? Rami na uku nake sawa tun ina saurayi."

Ta ce sau uku ta canza shi. Irinsa sak take nema, mai tsawo, ta mayar masa da tsohon kansa na ƙarfe, ta murje rami na uku da man takalmi da gindin almakashi har ya yi kamar ya tsufa.

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, mara daɗin ji.

"Kin sha aiki."

"Don Allah Baban Auta..."

"Sau nawa na tsaya a gaban madubin nan na tambaye ki ko na ƙara jiki?"

Ya matso kusa da ita.

"Me kike ce min?"

"Ina ce maka kana nan yadda kake."

"A talatin da takwas da kin faɗa min, da na tsaya. Wallahi da na tsaya. Yara talatin da biyu, Maman Auta. Har da taki."

Nan hawayen da take riƙewa tun asibiti suka zubo. Ta ce ba don ta cuce shi ta yi ba. Ta ga yadda inci ɗaya ya hana shi cin abinci, ta ce bari ta sauƙaƙa masa, daga baya kuma abin ya yi nisa, ta rasa ta inda za ta fara. Kullum sai ta ce wannan ne na ƙarshe. Ita a tunaninta ƙiba hutu ne, mijinta yana ci yana ƙoshi, ba ta san tana rufe masa fitilar da ya kamata ya gani ba.

To amma fa Anti Tela ba ta iya kuka ba tare da baki ya suɓuce ba. Tana share ido ta ce shi ma ai yana da ido. Yaushe rabon da ya ɗaure takalmi a tsaye? Wa ya tura kujerar mota baya har sau biyu, ya ce wai ƙafarsa ce ke ciwo?

Tana faɗa ta yi da-na-sani. Ya kalli cikin nasa, kallo na sosai, kamar yau aka kawo masa shi. Sai ya jawo kujerar masu jiran ɗinki ya zauna, ya rufe fuska da hannu ɗaya.

"Na gani," ya ce can. "Ina gani. Sai in duba cikin wando in ga rubutunki, in ce to idona ne."

Wannan maganar ta fi mata zafi a kan duk faɗan da ya yi.

Daga tsakar gida ana jin Inna tana alwala, butarta tana ƙara a kan siminti. Anti Tela ta fara tunanin ko abin ya tsaya a nan, ta ɗauki laifin ita kaɗai, tsohuwa ta tsira da mutuncinta. Za ta iya. Gobe ta zubar da lemon da ke firji, ta dafa ganye, ta raka shi tafiya, a hankali ya huce.

Sai ya sauke hannun daga fuskarsa.

"Wa ya koya miki?"

Ta rufe littafin.

"Aikin tela ne. Kowa yana yi."

"Kowa yana rufe lamba da yatsa. Na sha ganin kina yi wa mata, ina dariya. Amma ki saki wandon mijinki ki yi shiru shekara tara, wannan ba dabararki ba ce. Ke da ko gishiri ya yi yawa a miya sai kin faɗa kafin a ɗanɗana."

"Ni kaɗai na yi."

"Kalle ni ki faɗa."

Ta kasa.

Ya daɗe yana kallon ta. Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, don sai da fuskarsa ta canza gaba ɗaya. Ya miƙe ya fita ta ƙofar tsakar gida. Ta ji ya wuce ɗakin Inna, ta ji ƙarar tsohon akwatin ƙarfen nan da ake ja daga ƙarƙashin gado. Inna tana salla a baranda, ba halin ta tsayar da shi.

Ya dawo da shi a naɗe a hannu, yana warin kafur. Wandon mahaifinsa, ruwan toka, wanda ake nuna wa jikoki. Da kwat ɗinsa aka ɗinka shi, amma kwat ɗin an ce ɓarawo ya ɗauke a kan igiyar shanya tun Baba Direba yana firamare.

Ya shimfiɗa shi a kan teburin yanka, ya ture almakashi gefe.

"Ina da ƙanne uku maza. Kin ji abin da likita ta ce. Juya shi."

Ta juya cikin wandon waje. Ba ta taɓa riƙe shi ba sai yau. Ga su nan kuwa: ƙyalle dogo a gefen dama, wani a gefen hagu, wani mai kusurwa uku a baya, duk yadi ɗaya da wandon, an bi layin saƙar yadda ta waje ba mai ganewa. Ɗinkin hannu ne, ƙanana-ƙanana a jere, ko keke albarka. Zaren kala uku ne, alamar ba a shekara ɗaya aka yi ba. A jikin ƙyallen baya har da ragowar ramin maɓalli.

Ya sa yatsa a kan ramin maɓallin.

"Ga kwat ɗin da ɓarawo ya sace."

Ya zaro tef ɗin daga jakarta da kansa, ya miƙa mata.

"Auna."

"Baban Auta, don girman Allah ka bar shi. Tsohuwa ce."

"Auna, ki faɗa da ƙarfi."

Ta shimfiɗa tef ɗin a kan ƙugun, daga wannan baki zuwa wancan. Idonta ya cika da hawaye har lambobin suna rawa. Yatsan nan nata, mara jin magana, ya sake sauka a kan lambar.

Sai suka ji jan silifa a bayansu.

Inna ce tsaye a bakin ƙofa, carbi a hannu ɗaya, ɗayan ta dafa bango. Ba ta kalli ɗanta ba, ba ta kalli surukarta ba. Wandon take kallo.

"Ɗauke hannunki, 'yar nan. Ba sai kin auna ba, arba'in da huɗu ne."

Inna ta tako ta shafa ƙyallen baya.

"Saura kwana tara ya faɗi na ƙara masa na ƙarshe."